Na Ɗari Takwas da Sha Biyu a Jeri

Sinadarai dubu huɗu da ɗari biyu ne a jerin, ɗakin gwajin hukumar da ke tantance illarsu ga mutane kuwa hamsin kacal yake iya yi wa binciken ƙwaƙƙwafi a shekara. Duk wanda ya iya rabawa ya san ko jikokin ma'aikatan ba lallai su ga ƙarshen aikin ba. Saboda haka aka fito da dabara, kuma Dakta na cikin waɗanda suka fito da ita. Har hotonta yana nan a bangon ɗakin taro, tana murmushi, ranar da aka ƙaddamar.

Tambaya biyu ake yi wa kowane sinadari. Ta farko, nawa ne ke shiga jikin mutum, ta hanci ko ta baki ko ta fata? Wannan ba a aunawa, ƙiyasi ake yi a kwamfuta. Ta biyu, idan ya shiga yana ɓarna? Wannan wani inji ne ke amsawa cikin kwana biyu. Akwai faranti na roba, bai fi tafin hannu ba, mai 'yan ramuka ɗari uku da tamanin da huɗu, kowane rami da ƙwayoyin jikin mutum da aka raina a kwalba. Injin ya bi ramukan yana ɗiga sinadari, a ajiye farantin a ɗumi, a dawo a duba ko ƙwayoyin sun ji jiki. Sai a haɗa amsoshin biyu, kwamfuta ta jera kowa a layi. Hamsin na sama su shiga ɗakin gwaji, kuma su kaɗai doka ta yarda a maƙala wa gargaɗi tun kafin bincike ya ƙare. Sauran su jira baɗi.

Mutumin da ake yin ƙiyasin a kansa ba a taɓa haifarsa ba. Nauyinsa kilo saba'in, bai taɓa ramewa ba, bai taɓa yin ciki ba, awa takwas yake aiki ya tafi gida, kuma duk ɗakin da ya shiga tagoginsa a buɗe suke. A ofis ana ce masa Malam Matsakaici. Idan wani ya makara sai a ce ai Malam Matsakaici tuni ya iso. Dakta ma takan yi dariyar. Shekararta talatin da ɗaya a aikin, saura wata biyu ta yi ritaya, kuma a ganinta in dai an san mutum ƙirƙirarsa aka yi, ba zai cuci kowa ba. Masu ilimi sun fi kowa yarda da irin wannan magana.

Kofin shayi ne ya fara ɓata mata lissafi.

Ƙanwarta, wadda har yau ake kira Auta duk da furfura da jikoki biyu, ta zo mata yini ranar hutu. Dakta ta miƙa mata kofi, ta karɓa, kofin ya zame ya tarwatse a ƙasa. Auta ta yi dariya ta ce kofunan masu digiri ma santsi gare su. Amma da ta sunkuya tsince gutsattsarin, Dakta ta ga tana laluben su da ido, yatsun na wucewa ta kansu ba sa ji. Da aka matsa mata, sai ta ce ai an yi watanni. Kamar ta sa safa a hannu, kamar tana taka katifa. Maɓallin riga ma yanzu 'yarta ke ɓalla mata. Ta je asibiti sau biyu, an ce ba sukari ba ne, an ba ta ƙwayoyin ƙarin kuzari, an ce ta rage tunani.

“To ni wane tunani nake yi, Yaya? Ke aka bar wa tunanin gidanmu tun muna yara.”

Washegari da rana Dakta ta bi ta wurin aikin Auta. Shekara shida Auta na aiki a wani shagon buga rubutu a jikin riguna, kuma Dakta ba ta taɓa leƙawa ba. Wannan ma ta ajiye shi a ranta.

Gaban shagon tsaf yake, ga riguna a rataye, na 'yan makaranta da na ƙungiyoyin ƙwallo. A bayan labule aikin yake. Ɗaki ne siriri, an toshe tagarsa da katako don kada ƙura ta sauka a kan fenti ɗanye. Akwai fanka a sama tana juya iskar da ba ta da wurin fita. Mata uku ne a tsaye gaban dogon tebur, kowacce da firam mai raga a hannu, irin wanda ake matsa fenti ta cikinsa, suna goge ragar da tsumma. Kafin Dakta ta yi taku uku wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika mata maƙogwaro. Matan kuwa hirarsu suke yi. Ɗaya ta ce ai su sun daina jinsa tuntuni, baƙo ne kawai yake yamutsa fuska.

Ruwan da suke tsoma tsumman fari ne tas, a cikin tsofaffin gorunan ruwan sha. Ruwan goge suke ce masa. Mai shagon, wani dattijo mai fara'a, ya fito ya gaishe ta da ladabi, ya ce ya daɗe yana jin labarin babbar yaya. Yana magana yana tsiyaya ruwan a tafinsa yana murza fentin da ya maƙale masa a farce, don lokacin cin abinci ya yi. Ya yaba ruwan sosai. Ba ya barin maiƙo, in ji shi, kafin ka ƙifta ido ya bushe. Safar hannu kuwa sun gwada, narkewa take yi.

Ta nemi ganin jarkar da ake ɗurowa daga ciki. Aka jawo ta daga ƙarƙashin tebur, kusa da kwanukan abincin matan. Rabin takardar jikinta ta yage, amma lambar rajista na nan. Dakta ta kwafe ta a bayan hannunta da biro, don jakarta na waje kuma ba ta son ta fita ta sake shigowa.

Da safe, kafin masu shara su gama, tana gaban kwamfuta. Sinadarin yana cikin jerin. Shi ne na ɗari takwas da sha biyu. In aka bi layi, sai nan da shekara goma sha shida za a waiwaye shi.

Ta buɗe fayil ɗinsa. A wajen ƙiyasi an ɗauki nauyin abin da ake shigowa da shi ƙasar a shekara, an raba wa kowa da kowa, jarirai da tsofaffi da waɗanda ba su taɓa ganin jarkar ba, kowa ya tashi da ɗan abin da bai kai ƙwayar gishiri ba. Kamar a ce gida ɗaya ya ƙone a gari, a raba wutar ga dukan gidaje, a ce kowa ɗan ɗumi ya ji. Sannan kamfanin da ke shigo da shi ya cike fom, ya yi alama a akwatin da ke cewa ana amfani da shi a cikin rufaffen inji. Wataƙila ma ba ƙarya suka yi ba. Su ganga suke sayarwa, ba su san gora ba. Fom ɗin ba shi da akwatin tsumma. Dakta ta san haka, don ita ta tsara shi, ita da wasu mutum huɗu, a wani otal mai sanyi, shekara tara da suka wuce.

Amma amsar injin ce ta fi tsaya mata a wuya. Fes. Ko rami ɗaya bai nuna damuwa ba. Ruwan da ke narkar da safar hannu, a ce ƙwayoyin ba su ko motsa ba?

Ta sauka ƙasa wurin matar da ke kula da injin, wadda kowa ke kira Mai Faranti. Mace ce mai ƙiba, marar yawan magana, ta kusa shekara ashirin a ɗakin nan marar rana, kuma ba a taɓa gayyatarta taron kwamiti ba. Da ta ji lambar, ba ta ko duba takarda ba. Ta ce ta tuna ranar, don da ciwon kai ta koma gida, ɗakin kamar an ɓarar da man goge farce. Ta bayyana yadda ake yi. In injin ya gama ɗigawa, farantan sukan zauna a layi a buɗe, minti arba'in ko fiye, kafin a sa musu murfi a kai su ɗumi. Haka littafin aiki ya ce, don injin ba ya iya ɗaukar faranti mai murfi.

Dakta ta fito da 'yar kwalbar ruwan goge da ta roƙo a shagon. Suka ɗiga a rami, suka ɗora farantin a kan sikeli mai auna ƙanƙanin abu, suka tsaya suna kallo. Lambar tana sauka a gabansu kamar ana tsiyaye ta. Minti goma sha ɗaya ta koma sifili.

Wato ƙwayoyin ba su taɓa haɗuwa da sinadarin ba. Kwana biyu suka yi suna hutawa a ɗumi, aka zo aka tarar da su lafiya lau, aka rubuta cewa ba shi da illa. Saurin tashin nan da ke kai shi hancin Auta shi ne ya wanke shi a gaban injin. Mutum ɗaya ya shaƙe shi ranar gwajin, ita ce Mai Faranti, ita kuma ba a auna ta ba.

“Na rubuta, Dakta,” in ji ta. Ta jawo wani littafi mai baƙar bango ta buɗe. Ga shi nan da jan biro: ya bushe kafin a rufe, wari sosai. Ta ci gaba da buɗe shafuka. Irin wannan rubutu ya kusa ɗari uku.

Dakta ta tambaye ta wa ke karanta littafin. Mai Faranti ta ce ɓeraye sun taɓa gwadawa. Kwamfuta lamba take karɓa, ba ta da gurbin magana.

Jibi ne kwamiti zai zauna ya rufe jerin bana. Dakta ta yi kwana biyu tana shirya takarda shafi huɗu, abu biyu take nema: a sake gwada duk masu saurin tashi da faranti a rufe, kuma a daina raba sinadari ga mutanen da ba su taɓa shi ba. Ta san in aka yi haka, na ɗari takwas da sha biyu zai hau sama da ƙafarsa, ba sai an ɗauke shi ba.

Mutum tara ne a taron, da biskit a tsakiyar tebur. Darakta na zaune a ƙarƙashin hoton ƙaddamarwa. Mutum ne mai taushin murya wanda bai taɓa ce wa kowa a'a ba, sai dai ya ce za a duba. A damansa akwai shugaban sashen ƙiyasi, wanda ake kira Lissafi, mai gemu a gyare da kwamfuta ko da yaushe a buɗe, kamar wanda ke tsoron a tambaye shi sunansa bai duba ba.

Kafin a fara, Dakta ta ajiye faranti a gabanta, ta ɗiga ruwan a rami shida. Aka karanta bayanin taron baya. Aka yi gardama a kan kalar bangon rahoto. Wata ta fara shafa goshi, wani ya yi tari, can Darakta ya ce a buɗe taga, ko masu fenti ne a ƙasa? Da aka zo kanta, ta tura farantin tsakiyar tebur ta ce su duba. A bushe yake ƙayau. Ta ce abin da suka shaƙa yanzu shi ne abin da injinsu ya ce babu shi. Ɗigo shida ke nan. Akwai masu tsoma hannu a cikinsa tun safe har yamma.

Ta yi bayani na minti goma, da lambobi, da littafin Mai Faranti. Ba wanda ya ƙaryata ta, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Lissafi ma cewa ya yi wannan sananniyar matsala ce, an ambace ta a shafi na casa'in da ɗaya na bayanin dabarar, a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Kowace dabara tana da iyakarta. Amfanin jerin shi ne ba ya son kai, ba ya kallon fuskar kowa, ƙasashen da suka ci gaba ma haka suke yi. In aka ce a sake gwada ɗari uku, bana babu jeri ke nan, rahoto kuwa an riga an yi alƙawarin miƙa shi sama ƙarshen wata. Sannan ya gyara tabarau ya tambaya, cikin ladabi, a ina Dakta ta ga ana amfani da shi haka? Don shago ɗaya ba hujja ba ne a kimiyyance.

A nan ta yi kuskuren. Shekara talatin da ɗaya tana koya wa na ƙasa da ita su faɗi inda suka samo kowane bayani, sai bakinta ya riga ta.

“A shagon da ƙanwata ke aiki. Hannuwanta sun mutu.”

Ta ga yadda fuskar Darakta ta saki. Tun da ta fara magana yake zaune a takure kamar mai jin yaren da bai iya ba, yanzu kuwa an zo inda ya gane. Ya ture takardarta gefe a hankali, ya haɗa hannuwa.

“Ayya, Dakta. Ai da tun farko kin faɗa. Mu da ke ai ba ta haka. Allah ya ba ta lafiya.”

Duk teburin ya amsa da amin. Darakta ya ce maganar sake gwaji babba ce, za a kafa ƙaramin kwamiti ya duba a shekara mai zuwa. Amma shugaba yana da ikon sa sinadari ɗaya cikin hamsin na sama bisa hankalinsa, bai taɓa amfani da ikon ba, kuma bai ga wanda ya fi cancanta ba sai wadda ta ba hukumar nan ƙuruciyarta. Dama ana ta tunanin me za a yi mata na sallama. Wani ya fara tafi, ya ga ba a taya shi ba, ya mayar da hannunsa kan biskit.

Dakta ta ji warin ya dawo mata maƙogwaro, ko da yake taga a buɗe take. Ta zo da faranti da littafi, an mayar da ita mai roƙon alfarma. Kuma ta san abin da ya kamata ta ce: a riƙe kyautar, a gyara dabarar. Ta san ma yadda za a yi in ta faɗa. Darakta zai yaba mata, ya ce ga irin ma'aikatan da ƙasa ke buƙata, a rufe jerin yadda yake, jarkar kuma ta ci gaba da zama kusa da kwanukan abinci shekara goma sha shida, ba gargaɗi, ba komai. Ta tuna yatsun Auta suna wucewa ta kan gutsattsarin kofi.

Lissafi ya ce, yana danne-danne, to in an sa ɗaya sai ɗaya ya fita, gurbi hamsin ne. Na hamsin zai koma na hamsin da ɗaya.

Ta tambaya mene ne na hamsin ɗin. Ya karanto wani suna mai tsawon layi guda, ya ce ana fesa shi a soson katifa.

“Su wa ke fesawa?”

Lissafi ya duba kwamfutarsa, ya duba rufin ɗakin. Daga ƙarshen tebur wani ya ce, “Malam Matsakaici mana.” Aka fashe da dariya, dariyar mutanen da aka sauke wa kaya. Takardar amincewa ta zagayo. Mutum takwas sun riga sun sa hannu. Dakta ta daɗe tana kallon gurbin da ya rage, sannan ta sa na tara.

Da yamma ta biya shagon da kwalin safar hannu irin wadda ba ta narkewa, ta tsaya a kan mai shagon har ya ɓamɓare katakon taga, yana mitar ƙura. Ta gaya musu nan da 'yan makonni gargaɗi zai fito, cikakken bincike kuwa sai an yi shekara biyu. Ta samo wa Auta likitan jijiya, ranar Litinin. Auta ta tambaya ko jin hannun zai dawo. Dakta ta ce wani yakan dawo, wani ba ya dawowa.

Wannan bai rage wa Auta murna ba. Ta juya wurin abokan aikinta tana ɗaga hannu, safar na reto a yatsun da ba su san an sa musu ita ba, ta ce ba ta gaya musu ba? Yayarta magana ɗaya ta yi, manya suka miƙe. Ɗaya daga cikin matan ta ce wallahi kowa yana buƙatar nasa a sama, wanda ba shi da kowa ai sai dai ya mutu a layi. Suka yi ta sa mata albarka. Dakta ta tsaya tana karɓa, tana jin kamar ana shafa mata wani abu mai danƙo a fuska.

Auta ta rako ta bakin titi. Ta lura jakar ta yi nauyi, ta ce me aka ƙunso, ko kyautar ritayar ce tun yanzu? Fayil ɗin na hamsin da ɗaya ne, da littafin Mai Faranti mai baƙar bango, wanda ta sa hannu ta ara ba ta faɗi ranar mayarwa ba. Ba ta yi bayani ba. Ta tambayi Auta ko ta san inda masu yin katifa suke.

“Can bayan tashar manyan motoci. Me za ki yi a can, Yaya? Wa muke da shi a can?”

“Ba mu da kowa,” in ji Dakta. Ta gyara jakar a kafaɗa, ta tambayi wace mota ke zuwa.